Hannu a Baya

Kafin ku fara yi min ruwan faɗa a wajen sharhi kamar yadda kuka saba, ku bari in faɗi nawa. Na san da yawanku kun gama yanke hukunci cewa ni ce mai matsala: ga mutum kamili ya fito yana sona, ga aiki, ga ladabi, ga gemu a gyare, ni kuma ina ta jan ƙafa. Wata har ta rubuto min cewa in ba na so, in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, na ga saƙonki. Allah Ya ba ki naki.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kira na. Na gama jami'a, yanzu ina samun horon aiki a wata cibiyar ƙere-ƙere, inda yara da matasa ke koyon haɗa abubuwa da hannunsu, daga fitila har mota mai tuƙa kanta. Mama ba ta taɓa kiran wurin da sunansa ba. “Garejinku” take cewa, tana kallon tabon ƙunar dalma a yatsana kamar wanda aka yi a nata.

Ranar Laraba da yamma Baba ya kira ni falo. Ya rage ƙarar talabijin, ya cire tabarau ya ɗora a hannun kujera. Duk ɗan gidanmu ya san ma'anar cire tabarau.

“Auta, mutanen yaron nan sun sake tuntuɓa ta. Ni ban iya barin mutane tsaye a ƙofa ba. Ranar Lahadi zan ba su amsa, ko e ko a'a, kuma daga bakinki zan ɗauka. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.”

“E ɗin ma za ta ce,” in ji Mama daga ƙofar kicin, tana goge kofin da ya daɗe da bushewa.

“Da Auta nake magana.”

“Ai ni ma da ita nake.”

A daidai lokacin wayata ta yi haske a kan tebur. Mama ta riga ni leƙawa, ta ƙanƙance ido.

“Wane kawun naki ne yake turo miki hoton zuciya?”

“Ba Kawu ba ne, Mama. Kawo ne.”

“Kawo me?”

To, masu karatu, nan ne gizo ke saƙa. Kawo na sa masa a wayata, domin tun ranar da Yayana ya gabatar min da shi a matsayin abokinsa, kalmar da na fi ji a bakinsa ke nan: “Kawo in yi miki.” In ina kokawa da murfin gora, kawo in yi miki. In zik ɗin jakata ya cije, kawo in yi miki. In wayata ta ƙi kama intanet, kafin in buɗe baki ta bar hannuna. Har magana ma, in na tsaya laluben kalma, shi zai ƙarasa min. Abin haushin kuma, daidai yake ƙarasawa.

Injiniyan lantarki ne, kuma wallahi ya iya. Yatsunsa dogaye ne, masu nutsuwa, duk abin da suka taɓa sai ya yi ladabi. Ina son kallonsu, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina son yadda yake sunkuyar da kai in zai gaida Baba, da yadda yake tuna cewa ba na son shayi mai sukari da yawa. Amma duk lokacin da na rabu da shi, sai in ji hannuwana sun yi min nauyi kamar na aro. Nakan kwanta ina tunanin kaina nan da shekaru, a gida mai kyau, komai yana aiki, ni kuma ba abin da na taɓa.

Ta yaya zan faɗa wa Mama wannan? Cewa za ta yi in je a duba min kai.

Da ban san shugabarmu Injiniya ba, da wataƙila ban ma gane abin da ke damu na ba.

Injiniya ita ta kafa cibiyarmu. Gajeriyar mace ce, ba ta da ƙiba, kullum cikin rigar aiki ruwan toka mai aljihu da yawa, da fensir soke a gefen ɗankwali. Ba ta ɗaga murya. In ta shigo, sai ka ga har firintar nan mai gina abu da zaren roba kamar ta rage gurnani. Ɗakin namu dogo ne, bango ɗaya duk kayan aiki ne a rataye, an zana siffar kowanne a bayansa, ta yadda in filaya ta ɓata inuwarta za ta tona asiri. Ƙamshin katakon da aka yanka da na dalma ba sa barin wurin. Ni dai in na shaƙa, sai in ji na iso gida.

Doka ɗaya gare ta ga duk mai koyarwa: hannu a baya. In yaro ya maƙale, ba ka da izinin taɓa aikinsa. Ka haɗa hannuwanka a baya, ka sunkuya, ka tambaye shi, “Me ka gani?” Shi ke nan. Na taɓa ganinta tsaye a kan wani matashi kusan rabin yini, ya juya batir baibai, ita kuma tana gani, amma ko yatsa ba ta motsa ba. Da ya gano, ihun da ya yi sai da mai gadi ya leƙo. Ta juyo ta ce min, “Da na juya masa, da wannan ihun na cinye masa.”

Ina son in zama matar nan in na girma. E, na san na girma. Ku bar ni.

Ranar Alhamis Kawo ya zo ɗauka ta, ya iso da wuri, sai na ce ya shigo. Ajina na 'yan mata ne, muna shirin baje kolin ranar Asabar, ranar da iyaye za su zo ganin abin da 'ya'yansu suka ƙera. Akwai wata a cikinsu da muke kira Tartsatsi, saboda ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tana ta fama da ƙaramar fanka ta kwali da ta ƙi juyawa, ta cije leɓe, gilashin kariya ya zamo mata kan hanci.

Na juya ɗauko salatif, ban fi ƙiftawar ido ba. Sai na ji shi a bayana, da muryar nan tasa mai taushi.

“Kawo in yi miki.”

Kafin in juyo, fanka tana juyawa. Ya miƙa mata yana murmushi, yana jiran godiya.

Tartsatsi ta kalli fankar, ta kalle shi. Ta tura ta tsakiyar tebur da yatsa ɗaya.

“Yanzu ai ba tawa ba ce.”

Ta cire gilashin, ta kifa kai a tebur.

Ban san lokacin da Injiniya ta iso ba. Ta tsaya gefensa, kanta bai ma kai kafaɗarsa ba.

“Sannu da zuwa, Malam. Na ga ka iya.”

“A'a, ranki ya daɗe, waya ɗaya ce kawai ta saki.”

“Na sani. Tun ɗazu nake kallon wayar. Ita ma saura kaɗan ta gan ta.” Ta haɗa hannuwanta a baya, ta nuna masa da haɓa. “A nan haka muke tsayuwa. Da wuya, musamman ga wanda ya iya.”

Muka shiga mota muka kama hanya. Sai da muka tsaya a danja ya ce, “Taimako fa na yi.”

“Na sani.”

“To me ya sa nake ji kamar na yi sata?”

Na kalli tabon yatsana. Na ce a raina, Auta, in ba ki faɗa yau ba, ranar Lahadi a'a za ki ce, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba.

“Haka kake yi min.”

Ya juyo.

“Kullum. Murfi, jaka, waya, har maganar bakina. Ka san me na sa maka a wayata?”

Na nuna masa. Ya karanta. Na zaci zai yi dariya, don yana da saurin dariya, amma sai ya ci gaba da kallon sunan. Na baya suka yi ta danna mana oda kafin ya lura danja ta ba da hannu.

A ƙofar gidanmu ya saba zagayowa ya buɗe min. Ranar ya kama hannun ƙofarsa, ya tsaya, ya saki. Ni na buɗe da kaina. Kuma ku ji halin ɗan Adam: sai na ji haushi.

Ranar Juma'a, mutumin da ke cika min waya da “Kin tashi?”, “Kin karya?”, “Kin isa?”, saƙo ɗaya tak ya turo:

“Gobe zan zo, in Injiniya ba ta sa mai gadi ya kore ni ba.”

Ba hoton zuciya. Na duba har sau ba adadi.

Mama kuwa hancinta ya fi na kowa. “Wayarki ta yi shiru yau. Me kika yi wa yaron nan?”

“Ba komai.”

“Auta, ni na haife ki. Gobe da ni za a je garejin nan, in ga abin da ke ɗauke miki hankali.”

Asabar na sa doguwar rigata ruwan zuma, na naɗa mayafi baƙi na cusa bakinsa cikin wuya yadda ba zai taɓa ƙarfen dalma ba, na ɗora rigar aiki a sama. Mama ta sha ado kamar za ta ɗaurin auren 'yar gwamna, har da jaka mai walƙiya da takalmi mai tsini. Na ce mata akwai wayoyi a ƙasa. Ta ce su wayoyin su yi hankali.

Saboda yawan baƙi, an fitar da tebura daga dogon ɗakinmu zuwa babban zaure mai tagogin gilashi. Abin da ajina zai nuna shi ne motarmu: 'yar ƙarama, girman tafin hannu biyu, mai taya uku. Tana da idanu biyu a ƙarƙashinta da ke kallon ƙasa, tana bin baƙin layin da muka liƙa a kan farin allo, duk inda ya karkata ta karkata. Mun gwada ta a ɗakinmu har mun gaji, ba ta taɓa saɓa mana ba.

Iyaye suka kewaye teburin. Mama a gaba. Injiniya can gefe. Kawo kuma na hango shi a baya, cikin farar riga mai dogon hannu, ya fi kowa tsawo.

Tartsatsi ta danna maɓalli.

Mota ta tashi lafiya, ta bi layi, ta sha kwanar farko. Sai kawai ta haukace. Ta saki layin, ta yi ta juyi a wuri ɗaya kamar mai neman abin da ta yar, sannan ta nufi bakin tebur da gudu. Da ƙyar na tare ta.

Wani uba ya yi dariya. “Direban ya sha wani abu ne?”

Muka sake. Haka. Na canza batir. Haka. Na duba wayoyi ɗaya bayan ɗaya, komai yana wurinsa. 'Yan matana suka zuba min ido, su da na yi wata da watanni ina ce musu su yarda da hannunsu. Na kalli Injiniya, hannunta a baya, fuskarta kamar ruwan randa.

Sai na gan shi ya matso har bakin tebur, ta ɓangaren taga. Daga yadda ya kalli motar, ya kalli sama, na san ya gano. Na san wannan kallon.

Masu karatu, ni ɗin nan da na yi masa wa'azi a mota, ni na ɗauki motar na miƙa masa. Idona ya ce masa, karɓi.

Mama ta taya ni da baki. “Yauwa, ɗan albarka, karɓi ka gyara mata, kada ta ba mu kunya.”

Hannunsa ya taso. Na ga yatsun sun buɗe. Sai ya mayar da shi a hankali, ya kai baya, ya kama shi da ɗayan kamar wanda ya kama ɓarawo.

“Yi haƙuri, Mama,” ya ce. Sannan ya sunkuyo, ya rage murya. “Malama, me kika gani?”

Wallahi da ba mutane, da na jefe shi da motar.

“Ban ga komai ba,” na ce ta cikin haƙora.

“To sake sa ta. Kada ki kalli wayoyin. Ki kalle ta kawai.”

Na ajiye ta a kan layi, na danna. Ta tafi tiryan-tiryan, ta sha kwana, ta bi ta gabansa lafiya lau, har na fara sakin numfashi. Tana wuce shi ta sake haukacewa.

Na tsaya. Na sake sa ta. A gabansa lafiya, tana wuce shi hauka.

A gabansa, inda doguwar inuwarsa ta kwanta a kan allon.

Na ɗaga kai na kalli tagogin. Rana ta kwararo ta cikinsu ta mamaye rabin teburin. Idanun motar da wani haske suke aiki wanda idon mutum ba ya gani: su haska ƙasa, fari ya mayar musu, baƙi ya shanye, da haka suke gane layi. Rana kuwa cike take da irin wannan hasken. Ta cika musu ido, baƙi da fari sun zama ɗaya. A ɗakinmu marar taga ba mu taɓa haɗuwa da ita ba. Motarmu lafiyarta ƙalau, rana ce ta kashe mata ido.

Bakina ya buɗe zan faɗa, hannuna ya nufi labule. Sai na ga Tartsatsi ta ɗago tana kallo na.

Na mayar da hannuna baya. Kai, da wuya! Sai a lokacin na san abin da bawan Allahn nan ya haɗiye.

“'Yan mata,” na ce, “a ina take tafiya daidai, a ina take ɓata? Me kuka gani?”

Suka sake sa ta. Tartsatsi ta bi ta da ido, ta kalli allon, ta kalli Kawo daga sama har ƙasa, sai ta daka tsalle.

“Inuwar dogon nan take so! Malama, rana ce! Rana ce take shigar mata ido!”

Kafin ka ce me, sun barbazu. Wata ta ɗauko kwali, wata almakashi, wata salatif. Suka yanka, suka liƙa wa motar ɗan siket ya zagaye idanunta ya kare su. Karkatacce ne, gefe ɗaya ya fi tsawo. Ba wanda ya gyara musu. Tartsatsi ta danna maɓalli, motar ta shiga rana da siket ɗinta, ta bi layi tun daga farko har ƙarshe ba ta ko waiwaya ba.

Zauren ya ɗauki tafi. Mama ta fi kowa, jakarta mai walƙiya a hammata, tana ce wa matar da ke kusa da ita, “'Yata ce malamar. Autata ce.”

Injiniya ta zo wucewa ta bayan Kawo. Ta dubi hannuwansa, har yanzu a ɗaure, farcensa ya yi shaida a fata.

“Kana iya saki yanzu, Malam,” ta ce. Kuma na rantse na ga ta yi murmushi.

Da mutane suka ragu na same shi a bakin ƙofa.

“Da gangan ka tsaya ta wajen taga?”

“Ni dai hannuna yana baya.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.”

“Tsawo ba laifina ba ne, Malama.”

Ya yi wa Mama sallama ya tafi. Bai ce zai kai mu gida ba. Mama ta yi ta mita a tasi har muka isa.

Lahadi da safe na yi wanka, na sa rigata mai ruwan ganye, na shiga falo da amsata a baki. Baba yana shan shayi. Tabaransa na kan hancinsa, bai cire ba.

“Baba, na zo kan maganar nan.”

“Wace magana? Ai an janye.”

“An janye?”

“Ranar aka janye, ba maganar ba. Jiya da yamma yaron ya zo, kina ɗaki kina barcin gajiya. Ya roƙe ni kada a sa miki rana. Ya ce shi ya matsa wa mutanensa su tuntuɓe ni, kuma ya gane kuskure ne. Wai a bar ki ki gani da kanki, ko zuwa yaushe ne, ba zai ƙara tambaya ba.” Baba ya kurɓi shayi. “Yaron kirki. Sai dai ban san me ya samu hannunsa ba. Tunda ya shigo yake tsaye da su a baya kamar ɗan makarantar da aka kira ofis.”

Mama ta fito daga kicin da cokali a hannu. “Kin gani ko? Kin ja, kin ja, har ya gaji!”

Na shige ɗaki na tura ƙofa, na san sarai kunnenta zai biyo ni. Wayata ba saƙo ko ɗaya. Na kalli sunan nan, Kawo, na danna kira.

Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wanda ya kwana da wayar a tafin hannu.

“Malama.”

“Baba ya faɗa min.”

“To.” Ya yi gyaran murya. “Ni dai… wato… ba tambayarki zan yi ba fa. Na yi alkawari. Kawai dai ina so in ce… in da hali… a'a, wannan ma tambaya ce. Bari in sake. Abin da nake nufi…”

Mutumin da ke ƙarasa min magana, yau ga shi ya kasa ƙarasa tasa. Na jingina da ƙofa, ina jin numfashin Mama ta ɗaya gefen, na bar shi ya yi ta laluben kalma har sai da tausayinsa ya kama ni.

Sannan na ce, “Kawo in yi maka.”